Ɗumin Ƙadangarun Merv

Shekara talatin da ɗaya Merv Treloar ya yi yana kiwon ƙadangaru masu gemu, kuma a duk shekarun nan bai taɓa yarda da ma'aunin zafi ba. Yana da su kam, har guda tara, 'ya'yansa ne ke saya masa duk Kirsimeti, ya karɓa da godiya ya rataye a ƙusa. Amma in ana maganar ɗumi, da hannunsa kaɗai ya yarda. Kowace safiya sai ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya, ya zura hannu a ƙarƙashinsu, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya yanke hukunci.

Akwatunan ma shi ya ƙera abinsa. Tsofaffin kabad na kicin da durowoyin kaya da mutane suka zubar yake kwasowa, ya kwantar da su a kan kantoci, ya sa musu gilashi a gaba, raga a sama. A jikin kowace kanta ya fafe siraran hanyoyi ya kwantar da igiyar ɗumi, wata baƙar igiya mai roba wadda in an jona ta da wuta take ɗaukar zafi a hankali. Tsakanin kanta da gindin akwati ya bar rata daidai shigar hannu, don kada katako ya ƙone. Da wannan ratar yake taƙama. Duk baƙon da tsautsayi ya kai shi tsohuwar rumfar askin tumakin nan sai ya sha bayaninta, yana so ko ba ya so.

Matarsa Glenys ta sha bayanin ya fi sau dubu, kuma har yau ba ta ga abin so a jikin halittar da ke kallon mutum da ido ɗaya tana kumbura maƙogwaro ba. Merv ɗin take so, shi ya sa take yanka musu ganye.

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar Agusta, wanda a ƙasar nan lokacin sanyi ne, wajen ƙarfe tara na safe, raɓa ta daskare a kan ciyawa. Manyan ƙadangarun sun fara farkawa daga barcin sanyi, Merv yana ƙara musu ɗumi kaɗan-kaɗan kowace rana don su tashi da yunwa, su yi barbara a Satumba. Kantar ƙasa kuwa, inda 'yan ƙyanƙyasar bara suke, ba a kashe mata wuta ko sau ɗaya ba tun shigar sanyi. Glenys ta turo ƙofar rumfar da ƙafa, kofin shayi a hannu ɗaya, kwanon ganye a ɗaya.

"Ranki ya daɗe an iso," in ji Merv. "Shayin nan da sauran ɗuminsa, ko kin tsaya hira da kaji?"

"Tsoma hannu ka ji mana, tunda kai ne ma'auni."

"Za ki gani. Ranar da na mutu sai an sayi na'ura goma kafin a maye wannan hannun."

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, yana ta surutu a kan wata macen ƙadangare da yake sa ran za ta yi ƙwai ashirin bana. Yana maganar yana kallon matarsa, ya zura hannun dama a ƙarƙashin akwatin ƙasa har wuyan hannu.

"Ash!"

"Me kuma?"

"Bakin raga ne. Ko kan ƙusa." Ya zaro hannun ya duba. A gefen tafin, ƙasa da ƙaramin yatsa, akwai wasu 'yan siraran zane biyu, ko jini ba su tara ba. Ba a ma gane su sosai, don mai kiwon ƙadangare ba ya rabuwa da yakushi, faratansu kamar allura suke. Hannayen Merv daga yatsu har gwiwa zane ne a kan zane, sabo da tsoho.

Glenys ta ajiye shayin ta sunkuya za ta zuba wa ƙananan ganye, sai idonta ya faɗa cikin ratar. Da farko ta ɗauka igiyar ɗumin ce ta fito daga hanyarta. Amma igiyar baƙa ce siririya, wannan kuwa kalar busasshiyar ƙasa ce, kaurinta ya kai sandar tsintsiya. Tana cikin kallo abin ya ja jiki. Wani ɗan ƙaramin kai ya leƙo daga duhun, harshe ya fito ya koma.

Kwanon ganyen yana hannunta, ta ma manta da shi.

"Merv," ta ce, da wata muryar da ita kanta ba ta san tana da ita ba. "Kada ka miƙe. Ja da baya da gwiwa, a hankali."

Ya kalli fuskarta, ya kalli ratar. Bai yi gardama ba, kuma rashin gardamar ya ƙara tsorata ta, don Merv ko da sanarwar yanayi a rediyo gardama yake. Ya ja da baya har tsakiyar rumfar, wadda kantoci suka cinye mata faɗi, ita ma ta bi shi ba tare da ta juya wa kantar baya ba.

"Maciji ne, ruwan-ƙasa," ta ce. "Ya sare ka."

"Haba, Glen. Da ya sare ni ai da na sani."

"Kwanta."

"Ko zafi ba na ji. Duba, raga ce, na rantse miki."

"Merv Treloar, in ba ka kwanta ba zan kwantar da kai da kwanon nan."

Duk wanda ya girma a yankin nan ya san abu biyu game da macijin da ake kira ruwan-ƙasa: saransa ba ya zafi, kuma wanda ya tashi ya yi tafiya bayan saran shi ne ke riga kowa zuwa maƙabarta. Merv ma ya sani, taurin kai ne kawai. Ya kwanta rigingine a kan wasu buhunan hatsi da ta shimfiɗa, yana gunaguni wai ƙasa da sanyi.

Gwangwanin magani yana rataye a bango kusa da ƙofa. Ta ciro bandeji masu faɗi guda uku, ɗaya ya suɓuce ya gangara, ta taka shi da ƙafa. Ba ta wanke wurin ba, haka aka koya musu. Ta fara naɗi daga yatsu, da ƙarfi, ta haura wuyan hannu, ta wuce gwiwa, har hammata. Ta fizgo wani guntun katako daga tarin da yake ƙira da shi ta ɗaure hannun a jiki don kada ya lanƙwasa, ta zana gicciye da biro a kan bandejin daidai inda saran yake, ta rubuta lokaci. Ƙarfe tara da minti goma sha biyu.

"Kin naɗe ni kamar gawar Fir'auna," in ji shi.

"Yi min shiru. Ko yatsa ka motsa, ni da kai ne."

Waya ba ta kama sabis a cikin rumfar kwano. Sai an fita, an je gindin tankin ruwa, taku talatin daga ƙofa, nan ne ake samun layi ɗaya in an yi sa'a. Taku talatin ɗin nan Glenys ta yi su tana waiwaye. Ta buga sifili uku, lambar gaggawa. Wata mace mai natsattsiyar murya ta tambaye ta sunan hanya da lambar ƙofar gona, da shekarunsa, da ko an naɗe hannun, da ko yana magana.

"Maganar ce ma matsalarsa," in ji Glenys.

Matar ta ce motar asibiti ta taso daga gari, za ta yi minti arba'in ko fiye. Kada a ɗaga shi, kada a ba shi komai, kada a nemi kama macijin. Ta so Glenys ta tsaya a layi, amma daga gindin tankin Glenys ta hango cikin ƙofar, ta ga buhunan babu kowa a kai.

Ta jefa wayar a aljihu ta ruga. Tsohon yana tsaye a jikin bango, hannu ɗaya a sandare, ɗayan yana laluben makunnin fitilar zafi.

"Me kake yi?"

"Manyan nan ba a kunna musu ba, Glen, sanyi zai..."

"Su mutu! Su mutu duka! Kwanta!"

Bai taɓa jin ta yi irin wannan ihun ba. Ya sulale ya kwanta, ita kuma ta durƙusa a gefensa, tsakaninsa da kantocin, ta dafe ƙirjinsa da hannu biyu kamar mai tsoron iska ta ɗauke shi. Taku huɗu ya yi zuwa, huɗu dawowa. Ta lissafa su a ranta, tana jin kamar kowane taku an cire shi ne daga kwanakinsa.

Ko ihun ne, ko takun, Allah ne masani, sai ga macijin ya fito. Ya zubo daga ratar a hankali, yana ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Maciji a watan Agusta ya kamata a same shi a sandare, ba ya ko iya ɗaga kai. Wannan kuwa ya kwana a kan igiyar ɗumi, jikinsa sai sheƙi yake, garau kamar a tsakiyar zafin Janairu. Ya tsaya, ya ɗan ɗaga gaba, harshen na fita yana komawa.

"Kada ki motsa," Merv ya faɗa ta cikin haƙora.

Ba ta motsa ba. Ko numfashi ta riƙe. Ta ji ƙarar cikinsa a kan siminti, wani sauti kamar ana jan busasshen ganye. Ya bi ta gefen takalmin Merv, har jikinsa ya gogi dunduniyar, ya wuce ƙarƙashin tsohon teburin tsefe ulu, ya sami wani gurbi inda kwano ya rabu da ƙasa ya fice. Jelar ce ta ɓace a ƙarshe.

Glenys ta saki numfashi, sai ta ji bayan rigarta ya jiƙe sharkaf, alhali ana wannan sanyin.

"Ya tafi," ta ce. "Ya tafi, Merv."

Ta duba agogo. Tara da minti ashirin da huɗu.

Daga nan sai jira, kuma jira ne mafi muni. Rumfar ta yi tsit, ba a jin komai sai kukan gyaren da ake kiwo don ƙadangarun, da ƙasƙas ɗin farata a kan katako. Wani babban namiji ya manna ciki a gilashi yana gyaɗa kai, gemunsa ya yi baƙi. Glenys ta kawar da ido daga kansa.

"Kin gani ko," in ji Merv bayan ɗan lokaci. "Lafiyata lau. Za ki sa Raelene ta rufe gidan waya ta taso da motar asibiti a banza, gobe duk gari a ce Merv ya suma don ya ga ƙusa."

"Gara su yi dariya."

"Ke dai kina son a ce kin ceci raina, ki riƙa yi min gori har kabari."

"Sosai ma. Kullum da safe, kafin shayi."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya runtse ido.

"Me ya faru?"

"Ba komai. Kaina ne ya ɗan sara. Rashin shayi ne."

Ta so ta yarda. Allah ya sani ta so ta yarda. An ce wani lokacin macijin kan yi sara bai zuba dafi ba, ta yi ta maimaita wannan a ranta. Amma zufa ta fara tsattsafowa a goshinsa, leɓɓansa suka yi fari. Ya ce cikinsa na juyawa, ta karkata masa kai gefe ya yi yunƙurin amai, ba abin da ya fito sai yawu. Da ta goge masa baki da hannun rigarta, sai ta ga yawun da ja-ja a ciki.

Sannan ta lura da hannun hagu, wanda ba a naɗe ba, wanda maciji bai taɓa ba. Yakushin jiya da na shekaranjiya, waɗanda suka riga suka bushe, duk sun buɗe. Jini na tsattsafowa daga kowanne, siriri, yana gangarowa yana haɗuwa a gwiwar hannu yana ɗiga a kan buhu. Ta danna ɗaya da babban yatsa, ta ɗaga, ya ci gaba da zuba kamar ba ta taɓa ba.

Merv ya ɗaga kai kaɗan ya gani. Ya daɗe yana kallo. Da ya mayar da kan, fuskarsa ta zama ta wani tsoho da Glenys ba ta sani ba.

"Glen."

"Ina nan."

"Tsoro nake ji."

Shekara arba'in da huɗu da aurensu, ta ga wutar daji ta zo har shingen gidansu, ta ga tarakta ta danne masa ƙafa, ba ta taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Ta yi ta maza ta ce, "Suna hanya. Saura kaɗan." Tara da minti talatin da shida ne, ba saura kaɗan ba.

"Akwai abin da ban gaya miki ba," ya ce. Maganar ta fara yi masa nauyi. "Na san da zamansa. Tun Yuni."

Ba ta gane ba da farko. "Ka san da zaman wa?"

"Kin tuna ɓerayen nan da suka dame mu, suna cin gyare, suna gaigayar igiya, har na ce wata rana za su sa mana gobara? Tun da ya zo ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Sai na ce a bar shi ya sha ɗuminsa har sanyi ya wuce, in kira mai kamawa ya ɗauke shi. Kullum sai na bubbuga kantar da sanda, na haska tocila, kafin in sa hannu. Yau ne kawai... ina ta zuba miki surutu."

Glenys ta cire hannunta daga ƙirjinsa.

"Shi ya sa," ta ce a hankali. "Shi ya sa a Yuni ka ce in daina taɓa ƙarƙashin akwati. Ka ce ranar Alhamis in ka tafi gari in karanta ma'auni kawai."

"Don kada..."

"Kai da ka shekara talatin kana cewa ma'auni ƙarya yake! Na ɗauka raini ne, Merv. Na ɗauka ka ga na tsufa ne, hannuna ya daina jin ɗumi. Ka san abin da nake yi duk Alhamis da zarar motarka ta fita ƙofa? Bi nake ina sa hannu. Kowane akwati. Har wannan na ƙasan. Har wuyan hannu, yadda ka koya min."

Idanunsa suka firfito. Ya yunƙura zai tashi, ta danne shi da ƙarfi.

"Glen, saurara, akwai..."

"Ba zan saurara ba! Wata biyu! Wata biyu ka ajiye min mutuwa a rumfa kana ɗumama ta da kuɗin wutarmu, saboda gyare! Saboda waɗannan munanan abubuwan!"

"Don Allah, ki ji, ba..."

"Kada ka ƙara ce min komai. Ba na son jin muryarka. Ko ka tashi ko kada ka tashi, ba zan yafe maka ba."

Ya buɗe baki. Idanunsa suka juye sama, wuyansa ya saki, kan ya faɗa gefe.

"Merv?"

Ta girgiza shi. Ta mare shi, ta sake marinsa. Ta kara kunci a bakinsa, ta ji wani gurnani guda ɗaya daga can ƙasan maƙogwaro, daga nan babu. Ta lalubi wuyansa, yatsunta na santsi da jini, ba ta ji komai ba sai bugun jininta ita kanta.

Waya tana aljihu, sabis yana gindin tanki, taku talatin. Ba ta je ba. Shekara shida da suka wuce an koya musu danna ƙirji a ɗakin taron 'yan kashe gobara, a jikin wani mutum-mutumin roba, ranar da ita da matan gari suka yi ta dariya har mai koyarwar ya yi fushi. Ta yage maɓallan rigarsa, ta ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kai, ta danna da duk nauyinta.

Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Wurin ya yi mata ƙunci, tana yi ƙugunta na dukan kantar ƙasa, akwatunan na girgiza a bayanta. A danna ta goma sha wani abu ta ji haƙarƙari ya yi ƙas a ƙarƙashin hannunta, ta yi ƙara kamar ita aka karya, amma ba ta tsaya ba. Talatin, ta hura masa iska sau biyu, bakinsa da ɗanɗanon jini. Ta koma.

"Tashi, tsohon banza," take cewa tsakanin lissafi. "Tashi. Ban gama da kai ba. Tashi."

Daga baya lissafin ya ɓace mata, zagin ma ya ƙare, sai sunansa kawai. Kafaɗunta suka ɗauki wuta. Gwiwoyinta suka daina jin siminti. Shekararta sittin da bakwai, likita ya hana ta ɗaukar ko buhun abincin kaji, amma ta san in ta tsaya, maganar ƙarshe da ya ji a duniya ita ce wadda ta faɗa masa, kuma da ita za ta zauna a gidan nan ita kaɗai. Wannan ya fi ciwon kafaɗa ba ta tsoro.

Ba ta ji jiniya ba. Abin da ta sani kawai, ƙofa ta yi duhu, wani ya kama kafaɗunta.

"Glenys, sake shi. Sake shi, mun karɓa."

Raelene ce ta gidan waya, cikin koren kayan 'yan sa-kai na motar asibiti, tare da Col Schiller bakanike, wanda girmansa ya cika ƙofar. Sai da Col ya ɗaga ta cak ya ajiye gefe, don hannayenta sun ƙi rabuwa da ƙirjin. Ya maye gurbinta. Raelene ta manna wa Merv wasu faifai biyu masu waya, wata na'ura ta yi magana, Raelene ta ce kowa ya ja baya. Na'urar ta sakar masa wuta a ƙirji, jikin Merv ya zabura sau ɗaya. Col ya ci gaba da dannawa.

"Ina macijin?" Raelene ta tambaya ba ta ɗago ba.

"Ya fita. Na ga fitarsa."

Glenys tana zaune a ƙasa, ta jingina da kantar, tana kallon tafin takalmin mijinta yana motsi da kowace danna. Ta so ta yi addu'a, kalmomin suka ƙi zuwa.

"Tsaya, Col." Raelene ta sa yatsu biyu a wuyansa. Ta daɗe tana lalube har Glenys ta ji kamar ta shaƙe ta. "Akwai bugu. Ba ƙarfi, amma akwai. Kawo gadon."

A cikin motar an zaunar da ita a wata 'yar kujera daidai kansa. Col na tuƙi, tsakuwa na dukan ƙarƙashin mota. Raelene na magana da asibiti ta rediyo, ana cewa an fito da maganin dafi ana jira, jirgin sama ma zai taso daga birni. Merv yana numfashi da kansa a cikin robar iska da aka rufe masa hanci da baki, guntu-guntu. An naɗe hannun hagun shi ma, kuma jini ya riga ya ɓullo ta bandejin.

"Zai tashi?" in ji Glenys.

"Ban sani ba, 'yar'uwa. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma da kin daina danna ƙirjin nan ko na minti ɗaya ne, da ba ma cikin motar nan da gudu haka. Yi masa magana, ko a sume suna ji."

Glenys ta sunkuya. Ta gyara masa gashin goshi da ya manne da zufa.

"Abin da na faɗa ɗazu," ta ce a kunnensa, "ƙarya nake. Ka ji ko? Ƙarya nake, Merv."

Sun wuce wajen shinge uku kafin fatar idonsa ta motsa. Idon ya buɗe kaɗan, ya yi yawo a rufin motar, ya zo ya tsaya a kanta. Leɓɓansa na motsi a cikin robar. Ta kalli Raelene, Raelene ta ɗan ɗaga abin daga fuskarsa.

Glenys ta san abin da zai ce. Zai ce a kunna wa manya fitila, kuma ta riga ta shirya za ta ce to. Ta kai kunne daf da bakinsa.

"Su biyu ne," ya ce, da ƙyar. "Ɗayan... yana ciki. Kada ki sa hannu, Glen."

Tsigar jikinta ta tashi tun daga ƙugun da ya yi ta dukan kantar nan har ƙeya. Abin da ya yi ta neman faɗa mata ke nan tana rufe masa baki, kuma da shi ya dawo.

"Kin ji? Kada ki..."

"Na ji," ta ce. Ta kifa goshinta a kan nasa, kukan da ta riƙe tun ƙarfe tara ya ƙwace mata. "Na ji, tsoho. Yi shiru ka yi numfashi."